Daga Bakin Maraƙi zuwa Bakin Yaro: Nazarin Wata Ziyarar Gona a Lokacin Kaka

Ajina yara 24 ne, 'yan shekara biyar zuwa shida, kuma mako shida da buɗe makaranta muka kwashe su zuwa gona. A ƙasashen da hunturu ke zuwa da ƙanƙara, shekarar karatu takan fara ne a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, kaka kuma tana biye da ita. Yini ya fara gajarta, ganyen itatuwa ya rine ya koma ja da ruwan ɗorawa yana zuba, manoma na rige-rigen kwashe amfanin gona kafin sanyi ya kankama. Shi ya sa ziyarar gona takan faɗo a watan Oktoba, daidai lokacin da malama ba ta gama sanin yaranta ba. Ta haddace sunayensu, ta san mai kuka da safe in uwarsa ta juya baya, amma ba ta san wanda zai zura da gudu in ya ga ƙofa a buɗe ba.

Nazarin nan a kan yaro ɗaya ne cikin 24 ɗin. Ba zan faɗi sunansa ba, haka ma na makarantar da na gonar. Shi ne ƙaramin ajin, watansa biyu da cika shekara biyar, don haka zan riƙa ce masa Auta.

Takardar da ta dawo ba sa hannu

Auta ba mai magana ba ne. In aka tambaye shi abu sai ya gyaɗa kai ko ya girgiza, in ya matsu ya faɗi kalma biyu can ƙasa-ƙasa. Yana kuma da ɗabi'a guda: da zarar wani abu ya firgita shi, ko an rufe ƙofa da ƙarfi, ko wani ya ɗaga murya, babban yatsansa na hagu ya shige baki ke nan. Shi kansa bai san yana yi ba.

Takardun neman izinin iyaye 23 suka dawo da sa hannu. Tasa ta dawo wayam, sai layi ɗaya a ƙasa: uwarsa na son ganina. Da ta zo ba ta yi wani kewaye-kewaye ba.

"Malama, kin dai ga halinsa. Yatsan nan ba ya rabuwa da bakinsa. In ya shafa dabba ya sa a baki fa?"

Na ba ta amsar da muka saba bayarwa, cewa za a wanke hannu, akwai manya da yawa, kowace shekara ana zuwa lafiya a dawo lafiya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Tsakanin shafawar da wankewar, minti nawa ne?"

Ban da amsa. A raina da farko na ɗauke ta cikin iyayen nan masu yawan fargaba, waɗanda ko iska ta kaɗa sai sun kira makaranta. Sai da na koma gida na zauna da tambayar na gane cewa ita ce ta tambayi abin da ya kamata a ce ni na fara tambaya.

Abin da ake gudu

Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira E. coli O157, wadda aka fara gane tana sa wa mutane ciwo a Amurka a 1982. Mazauninta hanjin shanu da tumaki da awaki, kuma ba ta yi musu komai. Saniya tana ƙoshin lafiya, tana cin abincinta, tana ba da madara, alhali tana fitar da ƙwayar a kashinta. Daga nan ta hau gashin jikinta, ta hau ƙarfen shinge, ta hau ƙasa da tafin takalmi. Ba a ganinta, kuma ƙwayoyin da ba su kai 100 ba sun isa su kwantar da mutum. Ciwon yakan bayyana bayan kwana 3 zuwa 4, wani lokaci har kwana 10: murɗar ciki mai tsanani da gudawa, sau da yawa da jini. Yawancin masu ciwon sukan warke cikin mako guda. Amma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ciwon yakan wuce ya taɓa jini da ƙoda, kuma muguntarsa ita ce yakan yi hakan ne a lokacin da gudawar ta fara sauƙi, iyaye sun fara sakin jiki. Ƙananan yara ne suka fi shiga wannan hatsari.

A watannin Agusta da Satumba na 2009, a wata gona mai karɓar baƙi da ake kira Godstone a yankin Surrey na Ingila, mutum 93 suka kamu, 76 daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara 10. Mutum 17 ciwon ya kai musu ga ƙoda, 8 sai da aka yi musu wankin ƙoda. Kwamitin binciken da Farfesa George Griffin ya jagoranta ya fitar da rahotonsa a watan Yunin 2010, kuma abin da na fi riƙewa a ciki shi ne, bai kamata a jingina komai a kan wanke hannu ba. Matakin farko shi ne a tsara wurin yadda baƙo ba zai haɗu da kashin dabba ba tun asali. Wanke hannu shinge na biyu ne.

Ga kuma wata ƙwayar, Cryptosporidium, wadda ta fi yawa a jikin 'yan maruƙa da 'yan raguna. Ita wannan, man goge hannun nan mai sinadarin barasa ba ya kashe ta. Sai sabulu da ruwa mai gudu.

Ban ga dalilin fasa tafiyar ba. Amma na ga dalilin in je in ga wurin da idona.

Zuwa da kai ya fi saƙo

Gonar ba wurin shaƙatawa ba ce da aka ajiye 'yan dabbobi masu ƙwalisa don a ɗauki hoto. Gonar madara ce ta gaske, shanun tatsa wajen 80, ga wani fili na kabewa a gefe, ga 'yan itatuwan tuffa a bayan gida. Mai gonar dattijo ne, shi da matarsa da ɗansu da ma'aikaci ɗaya. Yana karɓar makarantu sau uku ko huɗu a kaka, don yana so, ba don ita ce sana'arsa ba.

Ranar Asabar na je. Malamar da ta riƙe ajin kafin ni ta bar min jadawali mai zango bakwai: kabewa, tuffa, kaji, shanu, ɗakin tatsa, 'yan maruƙa, sai hawa tirela a zagaya gona. Duka cikin awa uku, har da cin abinci. Na bi zangon nan ɗaya bayan ɗaya da agogo a hannu, ina tafiya irin ta ɗan shekara biyar, wato taku uku a tsaya a ɗauki tsakuwa.

Abubuwan da suke kashe mutum a gona ba su da wuyar gani, kuma dattijon ya riga ni saninsu. Ya nuna min ramin da ake tara kashin shanu da ruwan wanke garke, wanda samansa kan yi ɓawo ka ɗauka busasshiyar ƙasa ce, ƙarƙashi kuwa ruwa ne mai zurfi. An kewaye shi da waya an sa kwaɗo. Ya nuna min sandar ƙarfen da ke bayan tarakta mai juya injuna, wadda ke zagayawa sau 540 a minti, sau 9 ke nan a daƙiƙa guda, ya ce ranar ba za a tayar da tarakta ba sai mun tafi. Akwai saniya mai sabuwar haihuwa, ya ce za a kai ta can nesa, don mai jego ba ta da wasa. Duk wannan cikin minti goma muka gama shi.

Abin da ya tsayar da ni famfo ne. Guda ɗaya ne a duk inda baƙi ke bi, a jikin bangon ɗakin tatsa, kuma tsayinsa na manya ne. Na yi lissafi a tsaye: yaro 24, kowa daƙiƙa 20 yana cuɗa sabulu, minti 8 ke nan in ba wanda ya naɗe hannun riga, ba wanda ya yar da sabulu, ba wanda ya tsaya wasa da kumfa. Na san ba za a yi haka ba. Jadawalin da na gāda kuma minti biyar ya ware wa wanke hannu, sau ɗaya, daidai kafin abinci, bayan an gama shafe-shafen dabbobi.

Na zauna a kan wani dami na busasshiyar ciyawa na soke zango uku. Hawa tirela ya tafi. Kaji suka koma kallo daga bayan waya, don hukumar kula da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar kada 'yan ƙasa da shekara 5 su taɓa 'yan tsaki saboda wata ƙwayar cuta da ake kira Salmonella, ni kuwa nawa da kaɗan suka haura biyar ɗin. Tuffa na haɗe ta da kabewa. Sannan na juya tsarin gaba ɗaya: tsirrai da farko, a wanke hannu, a ci abinci, sai a shiga wajen dabbobi, a sake wankewa, a cire takalma, a hau mota. Bayan an taɓa dabba babu abin da zai sake shiga baki, ko gorar ruwa a mota za a bar ta.

Dattijon ya duba takardar ya ce, "Malama, kin rage musu kallo da yawa."

Na ce masa na sani.

Cin abinci dai zan iya hana yara. Yatsa kuwa a jikin mai shi yake. Uwar Auta ce ta kawo dabarar: a ba shi abin da zai riƙe da hannu biyu. Muka shirya cewa ƙaramar kabewar da kowane yaro zai tsinka, ta kowa za a zuba a kwando, tasa shi zai rungume ta har a gama, a matsayin aikin da aka ɗora masa. Muka raba yaran rukuni shida, huɗu-huɗu, kowane rukuni da babba ɗaya. Auta a nawa. Da wannan ta sa hannu.

Ranar tafiya

Tun kafin mota ta tsaya warin garke ya shigo ta taga, yara suka toshe hanci suna ihu suna dariya. Auta ya sa yatsa a baki. Na ƙyale shi, hannunsa da tsabta a lokacin.

A filin kabewa ganyen duk ya bushe ya kwanta, sai 'ya'yan a warwatse kamar an zubar. Matar mai gonar ta ɗaga wani yaɗo ta nuna musu inda kabewa ke manne da shi, ta gaya musu cewa shukar tana da fure namiji da fure mace daban-daban, kuma in ƙudan zuma bai ɗauko garin wancan ya kai wa wannan ba, ba za a ga kabewa ba. Daga shuka zuwa girbi wata uku ne zuwa huɗu. Ta yanka tuffa a kwance, ta tsakiya, tauraro mai kusurwa biyar ya fito da 'ya'ya a ciki. Wani yaro ya ce zai shuka ya samu irin wannan itacen. Ta ce masa zai samu itace, amma 'ya'yansa ba za su yi kama da wannan ba, sai in an yi masa aure da reshen uwar. Rabin ajin suka fashe da dariya wai itace yana aure, kuma ina kyautata zaton abin da suka kai gida ke nan daga wannan zangon.

Auta ya zaɓi wata 'yar kabewa mai karkataccen wuya ya rungume. Aka wanke hannu, aka ci abinci a wata rumfa nesa da garke. Komai na tafiya daidai, har na fara jin kamar na cika tsanani.

A garke ne abin da ban shirya ba ya faru. Shanun suna kwance, sauran rukunoni suka leƙa suka wuce, don saniya a kwance ba abin kallo ba ce ga yaron da ke jiran ya ga an yi wani abu. Auta ya tsaya cak. Wata saniya mai lamba a kunne tana kwance kusa da shinge, ido a lumshe, muƙamuƙinta na tafiya gefe zuwa gefe. Can ta tsaya, ta haɗiye, aka ga wani dunƙule ya gangara ta wuya. Jim kaɗan wani dunƙulen ya hauro, ta ci gaba da tauna.

Na duba agogo. Sauran ukun na jan rigata. Na ce su ƙirga shanu.

Sai na ji murya a ƙasa, sarai, ba raɗa ba: "Malama, me take ci? Ba komai a gabanta."

Mako shida ban taɓa jin ya haɗa jimla biyu a jere ba. Na ce masa ya tambayi Baba mai gona. Dattijon ya durƙusa har kansa ya zo daidai da na yaron, ya ce, "Tuƙa take yi, ɗana. Ciyawar da ta ci da safe ce take dawo da ita ta sake taunawa." Ya gaya masa cikin saniya ɗaki huɗu ne, tana haɗiye ciyawa da gaggawa ta ajiye a babban ɗakin, in ta samu natsuwa ta dawo da ita kaɗan-kaɗan, kuma takan shafe wajen awa 7 zuwa 8 a yini tana wannan aikin. Ya ƙara da cewa ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri. Auta ya buɗe baki zai taɓa nasa haƙoran, ya tuna da kabewa a hannunsa, ya fasa.

Minti goma sha biyu muka yi a gaban saniyar nan. A jadawali mai zango bakwai da ba mu samu ko biyu ba.

Ɗakin tatsa ba zan daɗe a kansa ba. An ajiye shanu biyu ba a tatse su da asuba ba don mu gani. Aka goge hantsa, aka maƙala kofunan inji, madara ta bi ta bututu zuwa wani babban tanki da ke sanyaya ta zuwa digiri 4 a ma'aunin Celsius. Ɗaya daga cikin iyayen da suka raka mu ya nemi a ɗan ɗanɗana wa yara mai ɗumi daga hantsa. Ni da dattijon muka ce a'a a tare. Madarar da ake sayarwa sai an ɗora ta a zafin digiri 72 na daƙiƙa 15 don kashe ƙwayoyin cuta, wannan kuwa ba ta bi ta nan ba.

Rumfar 'yan maruƙa

Kowane maraƙi yana ɗan kejinsa, an shimfiɗa masa ciyawa. Wata yarinya ta duba hagu da dama ta ce, "Baba, ina mamansa?" Na ji gabana ya faɗi, don na san irin amsar da manya ke ƙirƙirowa a nan. Dattijon bai ƙirƙiro komai ba. Ya ce mamarsa na cikin waɗanda suka gani a garke, maraƙin ya sha dakashi a ranar da aka haife shi, don ana haihuwarsa ne ba shi da garkuwar jiki sai ya same ta daga nonon farko, daga nan aka raba su, ana ba shi nasa rabon a bokiti, sauran madarar kuma ita ce ake kai wa mutane. Yarinyar ta ce, "Ba ya kuka?" Ya ce, "Yana yi da farko." Ta yi shiru. Raba maraƙi da uwarsa abu ne da manya ma suke muhawara a kansa, kuma na fi son ta tafi gida da tambayar a cikinta da a ce an rufe mata baki da tatsuniya.

Ina sauraron wannan ne hankalina ya bar Auta na 'yan daƙiƙu. Da na waiwayo, kabewa tana ƙasa. Ya zura hannun hagu ta tsakanin ƙarafa, maraƙi ya kama yatsunsa huɗu yana tsotsa da ƙarfi, kamar yadda suke yi wa duk abin da ya yi kama da kan nono. Yawu na dalala har gwiwar hannu. Yaron yana ƙyalƙyala dariya, kafaɗunsa na rawa. Ban hana shi ba. An yarda a taɓa maruƙa, kuma ban taɓa ganin haƙoransa a waje haka ba.

Sai ga motar da ke kwasar madara ta shigo harabar gona, awa guda kafin lokacinta, ta saki iskar birki da wata irin ƙara. Maraƙin ya zabura ya ja da baya. Auta ya zaro hannu, dariyar ta ɗauke, na ga gwiwar hannun ta lanƙwashe, babban yatsan ya miƙe yana tafiya sama, jiƙe sharkaf.

A wuyan hannu na cafke shi, bai fi faɗin tafi ɗaya ya rage ba. Na riƙe da ƙarfin da ya fi wanda na yi niyya. Ya dube ni kamar na mare shi, ya fashe da kuka, yana fizgewa, don abin da yake lallashin kansa da shi ne na hana shi a daidai lokacin da ya fi buƙata. Wata uwa ta miƙo kwalbar man goge hannu. Na ce mata ta riƙe min sauran ukun. Man nan ko a kan ƙwayoyin da yake kashewa ba ya aiki sosai in hannu ya yi kaca-kaca, balle wannan.

Daga rumfar zuwa famfo tafiyar minti biyu ce, kuma dole a kewaye motar madarar. Haka muka tafi, ina riƙe da hannayensa biyu a sama yana kuka. Na ɗora shi a kan akwakun da muka ajiye don gajeru, na wanke masa har gwiwa, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, na sake, na goge da takarda. Sannan na sake shi. Yatsan ya shige baki. Ya yi ajiyar zuciya sau biyu, ya zare shi ya ce, "Kabewata."

Ita ma sai da aka wanke ta da sabulu, tunda a dandaɓar rumfa ta kwanta.

Wankin hannun ajin gaba ɗaya, wanda lissafi ya ba minti 8, ya ci minti 25. Takalman roba muka cire a bakin mota, kowa nasa a leda, aka sake wanke hannun waɗanda suka taɓa tafin takalmi.

Kwana na huɗu

Kowane yaro ya koma gida da wasiƙa: a sa ido na mako biyu, in an ga gudawa, musamman mai jini, a kai asibiti a kuma gaya wa likita cewa yaron ya je gona. Kada a ba da maganin tsayar da gudawa ko maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka, domin a irin wannan ciwon suna iya ƙara dagula lamarin. Uwar Auta kuwa ban bar wa wasiƙa ba. A bakin ƙofa na gaya mata duk abin da ya faru, har da ƙarfin riƙon da na yi masa.

Ranar ta huɗu ta kira ni da sassafe. Auta ya kwana yana gudawa.

Babu jini, amma ta kai shi, ta faɗi maganar gona, aka ɗauki bayan gidansa don gwaji. Kwana uku muna jira. Na bi sauran iyaye ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, ba wanda ya ce komai. Da dare sai in riƙa maimaita abin a kaina, ko ya sa yatsan a wani lokacin da ban gani ba, ko tun a garke, ko a mota. Sakamako ya fito ba a samu komai daga cikin abin da ake tsoro ba. Kafin nan ma yayarsa, wadda ba ta je ko'ina ba, ta kwanta da irin ciwon, sannan uban. Abin gida ne ya zaga.

Ba zan ce cafkar da na yi ce ta cece shi ba. Mai yiwuwa maraƙin nan ba ya ɗauke da komai. Abin da zan iya faɗa shi ne dabarar kabewa ta yi aiki na awa biyu ta kuma gaza a minti ɗayan da aka ƙirƙire ta dominsa, kuma abin da ya rage a wannan mintin shi ne babba ɗaya da yara huɗu kacal a gabanta, tana tsaye kusa. Da takwas ne, da ban kai ba. Kuskurena biyu ne. Na bar tazarar minti biyu tsakanin inda ake taɓa dabba da inda ake wanke hannu, alhali tambayar da uwar ta yi min ke nan tun farko, na gyara komai na bar wannan. Na kuma ɗauka cewa tunda an kashe tarakta, gona za ta yi shiru dominmu. Madara ba ta jiran 'yan makaranta.

Wasu abokan aikina sun ce maganin abin shi ne a daina barin 'yan wannan shekarun su taɓa dabba kwata-kwata, a tsaya a kallo. Ba na raina wannan ra'ayi, kuma ga 'yan ƙasa da biyar ina tare da su. Ga nawa ajin dai ban bi shi ba. Sai dai na lura da wani abu da ya rage min ƙarfin gardama: abin da ya zauna a ran Auta ba maraƙin ba ne. Da muka dawo aji na raba takarda kowa ya zana abin da ya gani, yawanci suka zana kabewa da motar makaranta. Shi saniya ya zana a kwance, bakinta a karkace, da wani ƙwallo a tsakiyar wuya da kibiya biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A wannan zangon ko gashinta bai taɓa ba. Lokaci kawai aka ba shi. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna lambun yara a 1840, ya ware wa kowane yaro ɗan fegin da zai shuka abu ya riƙa dubawa, kuma ina jin abin da ya hango ke nan, cewa yaro yana buƙatar ya daɗe a gaban abu ɗaya. Takardar aikin da na shirya, mai hoton saniya da kwalin madara a haɗa su da layi, Auta ya cika ta cikin rabin minti ya ture gefe.

Na ce ya tashi ya bayyana wa ajin zanensa, ina tsammanin zai noƙe. Ya tashi. Ya ce ɗaki huɗu ne a cikinta, ya nuna da yatsu. Ya ce ba ta da haƙori a sama. Wani ya ce ƙarya ne, ya ce, "Baba mai gona ne ya faɗa," ya zauna.

Shekarar da ta biyo na sake kai wani ajin. Kafin nan na koma wurin dattijon da maganar famfo, ya sa ɗansa ya ja bututu zuwa bakin rumfar maruƙa, suka kafa dogon kwami mai kan famfo huɗu daidai ƙugun yaro. Na nemi lambar direban motar madara. Zango huɗun ma na mai da su uku. A takardar izinin iyaye kuma na ƙara layi ɗaya da babu shi a da, ana tambaya ko yaro yana tsotsar yatsa, ko cin farce, ko tauna hannun riga. Iyaye bakwai suka ce e.

Auta yana aji biyu yanzu. Bai daina sa yatsan ba, amma ya ragu. In layinsu ya zo wucewa ta ƙofar ajina, wani lokaci yakan leƙo, in muka haɗa ido sai ya lumshe nasa, ya karkata muƙamuƙi hagu da dama, ya haɗiye, ya wuce.